Na haɗa abokina da kawun matata a Kwari, yanzu kowa ni yake tuhuma

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 34, ina zaune a Gwammaja. Bara na kai wani abokina na ƙuruciya wurin kawun matata, mai shago a Kantin Kwari, aka ba shi atamfa da shadda na naira 4,800,000 bashi, a kan zai biya cikin wata 3. Da na ga Alhaji yana ɗari-ɗari sai na ce masa, "Alhaji, tun muna yara na san shi, ba zai ba ni kunya ba. In wani abu ya faru ni za ka nema." Yaran shagonsa biyu suna wurin. Ba a rubuta komai ba sai abin da aka sa a littafin shago. Da aka gama ciniki Alhaji ya ba ni 50,000, ya ce la'adata ce.

Yau wata 8 ke nan da cikar wa'adi. Abokina ya ce ya biya 1,700,000, littafin Alhaji ya nuna 1,400,000. Bambancin 300,000 ɗin ni abokina ya ba a hannu na kai shago, ban sami Alhaji ba na ba yaronsa, yanzu yaron ya ce bai tuna ba. Duk tsawon lokacin nan ni ke kai saƙo ina kawowa. Don kada a ɓata, nakan ce wa Alhaji abokina ya ce ƙarshen wata, alhali bai yanke rana ba, shi kuma in ce masa Alhaji ya ƙara masa lokaci. Yanzu Alhaji ya ce sai an biya shi da farashin yau, in ba haka ba zai sa 'yan sanda su kama mu mu biyu. Abokina ya daina ɗaga wayata, yana gaya wa mutane na ci la'ada a kansa na gudu na bar shi. Matata ta daina zuwa gidan kawunta don kunya. Shin bashin nan ya hau kaina? Kuma yaya zan sasanta su?

Wani ɗan'uwa daga Gwammaja

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ban yi shakkar niyyarka ba. Wanda ya kama hannun abokinsa ya kai shi inda zai sami jari, ya sa mutuncinsa a gaba don a yarda da shi, alheri ya nufa, kuma 'yan kasuwa da yawa a garin nan ta irin wannan hannu suka tashi. Na kuma ji nauyin da ke kanka: suruki a gefe, aboki a gefe, ga iyalinka ta shiga damuwa. Amma tambayarka ta biyu zan fara amsawa, domin a nan gyaran yake. Ba kai za ka sasanta su ba, saboda ka riga ka zama ɗaya daga cikin masu maganar.

Dubi ayyukan da ka yi a cinikin nan. Ka haɗa mai kaya da mai saye ka karɓi la'ada, wannan dillanci ne. Ka furta maganar da ta sa Alhaji ya saki kayansa, wannan ya shiga babin lamuni. Ka karɓi kuɗi ka kai, ka zama wakili. Ka yi watanni kana jigilar magana, ka zama ɗan aike. Yanzu kuma kana son ka zama mai sulhu. Kowannensu na da hukuncinsa da iyakarsa, kuma sulhu ba ya haɗuwa da lamuni a hannun mutum ɗaya. Mai sulhu shi ne wanda ba abin da zai ƙare shi ko ya rage shi, ko ta ina maganar ta faɗi. Kai kuwa duk abin da aka yafe wa abokinka sauƙi ne gare ka, duk abin da ya kasa biya yana iya dawowa kanka. Alhaji ya san haka, shi ya sa in ka ce a yi haƙuri yake jin kanka kake roƙa wa. Abokinka ma ya sani, shi ya sa in ka matsa masa yake ganin surukinka kake yi wa aiki. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kano ba baƙuwar masu shiga tsakani ba ce. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, baƙon ɗan kasuwa ta hannun wani yake shiga ciniki: fatoma ya sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nuna masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, dillali kuma ya nemo mai saye ya ci la'adarsa. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san matsayinsa kafin kaya su bar hannu, kuma in rigima ta tashi ba dillalin ke yanke ta ba, gaban manyan kasuwa ko alƙali ake zuwa.

Dillancinka ba shi da matsala. Aikin dillali yana ƙarewa ne da ƙulluwar ciniki, kuma ba a bin sa bashin mai saye sai in ya yi yaudara, wato ya san mutumin mai taurin bashi ne ko yana cikin wani bashin ya ɓoye. Wannan kai kaɗai ka san amsarsa. La'adar ma halal ce tunda ta haɗa ciniki ce, haka Alhaji ya kira ta. Da a kan tsaya wa abokinka aka ba ka ita, da ba ta halatta ba, domin malamanmu na Malikiyya sun hana karɓar lada a kan lamuni. Abin da kawai za ka yi shi ne ka faɗe ta da bakinka a gaban kowa ranar zaman sulhu, don ta daina zama abin tsegumi.

Maganar lamuni ce mai nauyi, kuma ba zan sassauta maka ita ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mai lamuni mai biya ne, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. A fiƙihun da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi lamuni iri uku ne. Akwai na dukiya, wanda mutum zai ce in bai biya ba ni zan biya. Akwai na kawo mutum, wanda zai ce ni zan kawo maka shi ranar da ka neme shi. Akwai na nema kawai, wanda zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya gano inda mutumin yake. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce ko wanda ya lamunci kawo mutum, in ya kasa kawo shi sai ya biya, sai fa in tun farko ya gindaya sharaɗin ba ruwansa da kuɗi. Rabin maganarka na farko, cewa ka san shi kuma ba zai ba ka kunya ba, yabo ne, ba a biyan bashi da shi. Amma "ni za ka nema" a bakin kasuwa mutane da yawa tsayawa za su ji, ga shaidu biyu, kuma ba ka ce ban da kuɗi ba. Alƙali ne zai duba lafazin da al'adar kasuwa ya yanke wane iri ne, saboda haka kada ka gina kariyarka a kan cewa ba ka taɓa cewa za ka biya ba. Wani zai ce maka kotun majistare ko babbar kotu galibi sai sun ga lamuni a rubuce. Haka ne, amma a kotun shari'a furuci da shaidu sun isa, kuma kai da kanka ka san abin da ya sa Alhaji ya saki kayan.

Ga inda sauƙinka yake. Risalar nan dai ta ce ba a tilasta wa mai lamuni biya sai in wanda ake bi ba shi da komai ko ba ya nan. Muddin abokinka yana gari kuma yana da abin da za a kama, shi za a fara bi. In kuma har ka biya wani abu a madadinsa, kana da haƙƙin ka bi shi abinka. Ka ga ke nan babban abin da zai cuce ka shi ne abokinka ya ɓace, don haka ko da ya ɓata maka suna kada ka yanke hulɗa da shi.

Ita kuwa 300,000 ɗin, ka shirya mata. Ƙa'idar ita ce wanda aka ba kuɗi ya kai wa wani, ya ce ya kai, wancan ya musa, shi zai kawo hujja, in babu ya biya. Ka fara da bincike cikin sirri. Ka gano ainihin ranar ta hanyar kiran da kuka yi da saƙonnin WhatsApp, ka tuna ko wani maƙwabcin shago ya ga lokacin da ake ƙirgawa, sannan ka roƙi Alhaji ya duba lissafin wannan rana da abin da aka kai banki washegari. Sau da yawa irin wannan kuɗin yana shiga cinikin ranar ne ba a rubuta shi da sunan mai bashi ba. Kada ka kira yaron ɓarawo, ballantana a gaban mutane. In ka yi, Alhaji zai tsaya kare yaronsa, maganar ta koma wani wuri. In an bincika ba a gani ba, shawarata ka ɗauke ta a kanka, ka nemi a raba maka ita kashi-kashi, a cire ta daga babban lissafi. Da zafi, na sani. Amma in ka bar ta a tsakiya, a kanta zaman zai watse kafin a kai ga miliyan 3, kuma ɗaukarta ce za ta dawo maka da bakin magana a wurin su biyun.

Saura saƙonnin da ka riƙa gyarawa. Na san abin da ka dogara da shi: hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba a Bukhari da Muslim, cewa mai gyara tsakanin mutane, yana isar da alheri yana faɗin alheri, ba maƙaryaci ba ne. Wannan ya ba ka damar ka binne zagin da wani ya yi cikin fushi, ka isar da cewa abokinka na jin kunyar Alhaji kuma yana ganin girmansa. Bai ba ka damar ƙirƙirar ranar biya ba, domin a kan wannan rana Alhaji ke yi wa masu ba shi kaya alkawari. Duk ƙarshen watan da ya wuce, abokinka ya zama mai saɓa alkawarin da bai ɗauka ba, shi kuma ya saki jiki da wa'adin da ba a ba shi ba. Wani ɓangare na zafin da ake ciki daga nan ya taso. Ka gyara wannan da bakinka kafin a zauna, domin da zarar sun haɗu zai fito, kuma in a bakinsu ya fito ba wanda zai sake yarda da kai.

Ka sami Alhaji a gida, ba a shago a gaban yaransa ba, ka tafi da baffanka ko yayanka. Ka ce masa, "Kawu, na zo ne in gyara maganata. Ranakun da na riƙa kawo maka ni na sa su, ba shi ba, don ina gudun ɓacin ranka. Daga yau ba zan sake ɗaukar saƙo ba, ina roƙon ka yarda a sa dattijo ya zaunar da mu." Zai yi faɗa. Ka bar shi ya gama, kada ka kare kanka, kada kuma ka yi alkawarin ko kwabo a wannan zama.

Ka yi wa Alhaji adalci a zuciyarka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigowa da su ya yi ta hawa, kuma kuɗin da ya maƙale wata 8 ba zai sayo masa dilolin da ya fitar ba. Asararsa gaskiya ce. Sai dai abin da yake nema ba zai yiwu ba. Farashi ya riga ya yanke ranar ciniki, ya zama bashi a wuyan abokinka, kuma ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, ko da an kira shi farashin yau. Amma ba daga bakinka ya kamata ya ji wannan ba, daga bakin malami ko sa'ansa zai fi karɓa. Batun 'yan sanda kuwa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. In aka shigar da ƙorafin da sunan zamba ko cin amana suna iya gayyatarku. Ka je, tare da lauya ko wani babba, ka faɗi cewa ciniki ne na bashi kuma an biya wani kaso, kada kuma ka sa hannu a takardar ɗaukar nauyin biya a ofishinsu. Da yawa a nan lamunin da ake jayayya a kansa yake zama tabbatacce a rubuce.

Abokinka kuma a bar waya, ka je gidansa bayan sallar asuba, ko ka bi ta hannun mahaifinsa. Rashin ɗaga waya kunya ce ko taurin bashi, kuma hukuncinsu daban. Wanda ke cikin ƙunci Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa har ya sami sauƙi, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara. Wanda ke da shi yake ja, Annabi ya kira jinkirinsa zalunci. Ana gane bambancin ne da biro da takarda: turmi nawa ya rage a hannunsa, nawa yake bin masu sari a waje kuma su wane ne, nawa ya shiga wata hidimar, ta biki ko gini ko toshe wani bashin. In ya buɗe maka lissafi, ko da ba shi da daɗin ji, akwai abin da za a ɗora sulhu a kai. In ya ƙi, ka gaya masa ɓuya ce kaɗai za ta sa maganar zamba ta yi kama da gaskiya, kuma ita ce za ta jefa bashin a kanka.

Wanda za a sa a tsakani, a duba abu kaɗan amma kada a sassauta a kansu. Su biyun su yarda da shi tun kafin a tunkare shi. Kada ya kasance yana bin ɗayansu bashi, ko ɗayansu na bin sa, ko suna da haɗin kasuwanci. Ya san harkar yadi, don in aka ce wannan zanen yayinsa ya wuce ya gane ko gaskiya ne. Ya kasance mai nauyin da Alhaji zai ji kunyarsa, kuma mai riƙe sirri. Wanda ya fi dacewa shi ne dattijo a layin su Alhaji ko ɗaya daga shugabannin 'yan kasuwa, a haɗa masa da malami ɗaya saboda hukuncin riba da lamuni. In abokinka na tsoron mutumin kasuwa zai karkata ga ɗan'uwansa, ya zo da babba ɗaya daga danginsa ko mai unguwarsu. Dangin matarka kuwa a bar su a gefe. Da zarar sun shigo, maganar bashi ta zama maganar aure.

Tun kafin a zauna a fayyace matsayin dattijon. In mai sulhu ne, shawara zai kawo, sai abin da suka yarda. In kuma sun naɗa shi ya yanke musu hukunci, to abin da ya yanke ya hau kansu. Rashin fayyace wannan ne ke sa a tashi zama wani ya ce an yanke, wani ya ce shawara ce kawai aka ba shi.

Mai sulhun da ya san aikinsa sai ya ga kowa shi kaɗai tukuna, ya ji abin da ba zai faɗa a gaban ɗayan ba: iyakar abin da Alhaji zai iya haƙura da shi, da iyakar abin da abokinka zai iya fitarwa. Sannan a haɗu a wurin da ba na ɗayansu ba, zauren dattijon ko masallaci bayan an watse, mutum shida ko bakwai sun isa. Kowa ya yi maganarsa ba a katse shi, abokinka ya faɗi halinsa da kansa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kai kuma ka zauna a matsayin mai magana a cikin shari'ar, ka faɗi naka ka yi shiru. Daga nan a tsayar da adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi, kada a taɓa maganar lokaci sai an gama wannan.

Ga misalin yadda za ta iya kasancewa, in an tsaya a 3,100,000. Kayan da ba a sayar ba, waɗanda ba su koɗe ba, a mayar wa Alhaji a farashin da ya bayar da su, in ya yarda. A ce sun kai 600,000, saura 2,500,000. In ya ce yayinsu ya wuce ba zai karɓa a haka ba, abokinka ya sayar wa wani ya kawo kuɗin. Sannan a nemi wani kaso a hannu cikin mako 2, a ce 500,000, ko da sai ya sayar da wata kadara, domin wannan ne ke sanyaya zuciyar mai bin bashi fiye da kowace magana. Saura 2,000,000, a raba 50,000 duk mako har mako 40. Na fi son na mako a kan na wata ga ɗan kasuwa, domin kuɗin da ya kwana 30 a hannunsa wata buƙatar ke cinye shi. A yanka kason daidai da abin da cinikinsa ke kawowa, kuma a bar masa jarin juyawa. In aka kwashe shi kaf, an kashe hanyar biyan.

Dattijon yana iya roƙon Alhaji rangwame. Lokacin da muryoyin Ka'abu ɗan Malik da Ibn Abi Hadrad suka tashi a masallaci a kan bashi, Annabi ya yi wa Ka'abu ishara ya yafe rabi, da ya yarda sai ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ka lura rangwamen tare da biya ya zo. A nan ya halatta tunda wa'adi ya riga ya cika, amma roƙo ne, ba a tilasta wa mai haƙƙi. Sulhun da aka matsa wa mutum ya yafe don kunyar jama'a ba ya daɗewa, yakan dawo bayan wata biyu da sabon fushi.

A rubuta komai a take, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni. Takardar ta ƙunshi cikakkun sunaye, adadin da aka tsayar, ranar kowane biya, da lambar asusun da za a riƙa turawa. Ta banki kawai za a biya, kada kuɗi ya sake bi ta hannunka ko ta hannun dattijon. A faɗi abin da zai faru in an tsallake biya biyu a jere, misali sauran kuɗin duka ya zama na biya nan take, amma ban da tarar kuɗi, ita ma riba ce. A rubuta matsayinka da kalmomi bayyanannu: ko an sallame ka, ko lamuninka na kawo shi ne kawai ban da kuɗi, ko ka tsaya wa wani adadi sananne. Kada ka tashi daga wurin wannan layin bai shiga ba. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, malamin ya karanta kafin a sa hannu, domin hadisi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. A kuma sa ranar da za a sake haɗuwa bayan wata 1 a duba ko ana tafiya daidai.

In an zo maganar jingina a yi hattara. Ba ta cika sai abin ya shiga hannun Alhaji ko hannun amintaccen da aka yarda da shi. Kada a karɓi takardar gidan gado da ba a raba ba, don gobe sauran magada za su taso. Kada kuma a rubuta cewa in an kasa biya abin ya zama na Alhaji. Sayarwa ake yi, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar da saura. Wani abin da ke rusa irin wannan zama shi ne a tashi da "kowa ya yi haƙuri" da addu'a ba tare da adadi da rana ba, ko a zauna babu wanda maganar ke hannunsa. In Alhaji na da abokin tarayya ko babban ɗa mai riƙe da lissafin shago, a tabbata yana wurin.

In ɗayansu ya ƙi zaman dattawa, akwai Hukumar Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, hedikwatarta na Sharaɗa kuma tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi. Sukan gayyaci ɓangarori su sasanta, in ta ƙi su tura kotu. Akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha, wadda ake kira Multi-Door, da aka buɗe a 2009. Amfaninta shi ne in alƙali ya sa hannu a yarjejeniyar da aka cimma a can, tana zama kamar hukuncin kotu, ana iya zartar da ita a kan wanda ya saɓa. Ga kuɗi mai yawa irin wannan, ko a zaure kuka daidaita yana da kyau ku kai takardar can ko gaban alƙalin kotun shari'a a tabbatar da ita. In kuwa abokinka ya gudu, ko ta tabbata ba shi da komai, to ka koma wurin dattijon nan a sasanta tsakaninka da Alhaji a kan abin da za ka iya ɗauka, ka riƙe shaidar duk abin da ka biya don ka bi abokinka in Allah ya buɗa masa.

Iyalinka kuma ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiyar lissafin da matakin da ka ɗauka, don kada ta riƙa jin gutsure-gutsure a wurin 'yan'uwa. Ka roƙe ta ta koma gaida kawunta kamar da, ba tare da ta ɗauki saƙo daga gare ka ko ta kawo maka nasa ba, kuma in an tayar da maganar a gabanta ta ce tana hannun manya. Kada ka yarda ta sayar da ɗan kunnenta ko kayan ɗakinta don rufe wannan bashi, ko da ita ta kawo shawarar. Ka fara da zuwa wurin Alhaji a cikin makon nan, kafin ya kai maganar ofishin 'yan sanda. Allah ya warware muku, ya rufa asiri.